Arzika Zai Shiga Teku

A Tungar Gado, can bakin kogi a ƙasar Yawuri, an yi wani masunci mai suna Arzika. Su uku ne a gidansu: shi, da matarsa Ige, da tsohuwarsa Inna Tumba. Ga ƙarfi, ga ladabi, ba ya ƙarya. Abu guda ne damuwarsa: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya aikata, ba ragi ba ƙari.

Wata rana kawunsa Nomau, wanda ya daɗe yana su tare da masuntan Badagiri can bakin teku, ya zo ganin gida. Ya ba su labarin wani kifi da ke kwanciya a ƙasan teku, faɗinsa kamar tabarma, idanunsa biyu duk a gefe guda. Ya ce jirginsu na neman mai ƙarfin jan igiya, kuma da Arzika zai koma. Duk tungar ba wanda ya taɓa ganin teku. Arzika ya miƙe yana zagaya tsakar gida, ƙirji a gaba. Kawu ya ce ya fara shiri, don teku ba kogi ba ne, sai mutum ya saba da ruwan gishiri. Da gari ya waye Arzika ya juye gishirin Ige kaf cikin randa. Inna Tumba ta dama kunu, ta kai baki, ta furzar. Ige ta taso da faɗa, ya ce ta yi haƙuri, matar mai shiga teku ita ma gara ta saba. Ya shanye kunun shi kaɗai, ya wuni yana zarya bayan gida, duk fitowar da zai yi sai ya ce jikinsa ya fara karɓa.

Wata rana Kawu ya miƙa masa igiyar ƙugiya ya ce ya gwada ta, domin igiyar da ba ta riƙe ɗan maraƙi ba, ba za ta riƙe kifin nan ba. Arzika ya wuce garken Liman kai tsaye, ya ɗaura wa maraƙi igiya a wuya, ya naɗe ɗaya bakin a kugunsa. Maraƙi ya zabura. Suka bi ta cikin shanyar kuɓewa, suka ture tukunyar mai ƙosai, sai bakin kogi. Aka tsamo Arzika daga taɓo gwiwa duk jini, yana murmushi.

"Kawu, igiyarka ta ƙwarai ce," in ji shi. "Ni dai na kusa tsinkewa, ita ko gezau."

Wata rana, ganin ya cika gari da zancen tafiyar, Kawu ya ce masa ya riƙe bakinsa har su tashi. Ranar kasuwa ce. Arzika ya kama leɓɓansa da yatsu ya shiga cikin mutane. A gaishe shi, ya gyaɗa kai. A tambaye shi lafiya, ya yi gurnani. Aka ɗauka haƙori ne, majiya ƙarfi uku suka danne shi, wanzami ya zo da awartaki. Da ya ga ƙarfe ya doso, ya saki baki ya ce haƙoransa lafiya lau, shi dai mutum ne da zai shiga teku jibi. Kafin la'asar har ƙauyukan ƙetare sun ji.

Ranar tafiya Ige ta soya masa ƙuli-ƙuli, Inna Tumba ta sa masa albarka, rabin tungar suka raka shi bakin mota.

Wata rana, kwana uku da isarsu Badagiri, aka shirya fita. Jirgin na katako ne, na wani dattijo Baba Sewanu, yana kan yashi an yi masa lodin ƙugiyoyi da ruwan sha da man inji, dattijon na tsaye a ciki. Kawu zai je kiran sauran mutane, ya ce wa Arzika ya sa ido a kan jirgin. Arzika ya durƙusa, ya manna idonsa jikin katako, ya riƙa jan gwiwa yana bin jirgin daga kai zuwa gindi, don kada wani wuri ya rasa rabonsa. Masunta suka taru suna dariya. Kawu ya dawo, kunya ta rufe shi, ya ce ya tashi za a tura jirgi.

"To, Kawu. Amma jirgin nan ya burge ni. Ta nan wurin har ƙafar Baba nake hange a ciki."

Dariya ta tsaya. Baba Sewanu ya diro, ya danna wurin da babban yatsa, yatsan ya shige. Katakon ya ruɓe ƙarƙashin kwalta, tsagar ta kai kamu guda, daidai inda ruwa zai rufe. Da sun fita, su bakwai, da wuya su ga azahar.

Dattijon ya zare yatsansa daga katakon. Sannan ya kama hannun Arzika da hannu biyu, ya tambaye shi da 'yar Hausarsa yadda aka yi ya gane. Arzika ya kakkaɓe yashin gwiwarsa, ya dubi masuntan ɗaya bayan ɗaya.

"Cewa aka yi in sa ido, na sa. Ku da ake ta faɗa muku haka kullum, ban ga wanda ya sa ba."