Ranar da Maɗaciyar Sarkin Latas Ta Ɓata

"Ni cikina ba bola ba ne," in ji Ɗangoggo, yana bugun ƙirji a ƙofar aji. "Sau ɗaya nake cin abinci a rana, ƙarfe shida na yamma, shi ma latas da kokwamba. Ku yanka ni ku gani, ko ɗigon kitse babu!"

Ai mai karatu, da ka san Ɗangoggo da ka sha kallo. Ɗan aji huɗu ne a wata makarantar likitanci a nan Abuja, kuma tun ranar da aka yi musu darasin abinci ya hana kowa sakat. Ka ɓare biskit, ya karanto maka ciwon suga. Ka buɗe lemon kwalba, ya yi maka ta'aziyyar kanka. Abokinsa Innocent ya laƙaba masa Sarkin Latas, gogan kuwa ya ɗauka sarautar gaske ce.

Abu ɗaya yake hari. Ranar Asabar 'yan ajin za su je Kuje wayar da kan jama'a game da abinci, kuma malamarsu Dakta Patricia za ta zaɓi mutum ɗaya ya yi jawabi. Har Ɗangoggo ya kai farar rigarsa guga sau biyu.

Abin da ba wanda ya sani, kullum da safe Mai Martaba yakan zagaya bayan tasha wajen Indo mai masa. Ranar Laraba ma haka aka yi: masa goma sha biyu da man shanu, wainar ƙwai uku, ya kora da lemo mai sanyi. Ya goge baki, ya shigo aji riƙe da gorar ruwa kamar waliyyi.

Sai ga Dakta Patricia da na'urar hoton ciki, an jona ta da majigi.

"Yau maɗaciya za mu gani," ta ce. "Ina son volunteer wanda bai ci komai ba tun jiya, don sai ciki ba komai take cika ta fito sosai."

Aka shiga kallon-kallo. Wannan ya ci cincin, wancan fanke. Sai wata 'yar ajin, Mashkura, ta ɗaga hannu da zuciya ɗaya.

"Ma, ai ga Ɗangoggo. Shi ba ya karyawa."

Aka ɗau tafi. Ɗangoggo ya waiga ƙofa, amma ina hanyar gudu? Ya hau gado, ya ɗage riga, ya shanye tumbi iya ƙarfinsa.

"Saki cikin, ba hoton biki ba ne," in ji Dakta. Ta shafa masa mai, ta ɗora kan na'urar. Ta duba dama, ta duba ƙarƙashin haƙarƙari. Ko alamar maɗaciya babu.

"Ma, na'urar ce ta lalace," ya ce.

"Mutum shida na duba da ita yau."

"To wataƙila an haife ni babu maɗaciya. Akwai irinmu, ba mu da yawa a duniya."

"Ga ta nan!" Dakta ta nuna wani ɗan abu a allo, a tsuke kamar busasshiyar kuɓewa. "Class, me ke matse maɗaciya haka?"

"Abinci mai maiƙo!" Aji ya amsa baki ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa amsa tambaya ba.

"Ruwa kawai na sha, Ma."

Ta matsar da na'urar hagu. Tumbi ya bayyana a majigi, cike dam, yana juyi abinsa.

"Latas ɗin jiya ne. Ni cikina a hankali yake aiki."

Ta ɗan danna. Wayyo! Wata gyatsa ta ƙwace masa, doguwa mai amo, 'yan layin gaba suka ja da baya.

Innocent ya shinshina. "Oga, wannan latas da man shanu aka soya shi, har da albasa!"

Aji ya kece da dariya, wani har da faɗowa daga kujera. Dakta Patricia kuwa ba ta yi dariya ba. Ta koma kan hanta, ta tsaya.

"Kun ga yadda ta yi haske? Kitse ne ya fara taruwa. Shekararka nawa?"

"Ashirin da uku."

"Ka same ni a ofis. Yana gyaruwa, amma ba da baki ba."

Nan fa tsoro na gaske ya kama shi, ni kaina na ji tausayinsa. Amma Ɗangoggo Ɗangoggo ne. Yana kwance, ciki a waje duk mai, ya ɗago kai ya yi ƙasa da murya.

"To Ma, maganar Kuje fa?"

"Za ka je mana. Mashkura za ta yi jawabi, kai kuma in ka yarda mu tafi da na'urar, ka kwanta a benci ka ɗage riga. Mutane sun fi gane abin da suka gani da ido."

Innocent ya miƙo masa tsumman goge ciki cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, don Allah ranar Asabar ka karya da kyau. Kar mu je har Kuje hoton ya ƙi fita."