Ranar da Aka Yi Dakona da Rumfata

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi dakona a unguwar Barroquinha, can ƙetaren teku, ba.

Ban daɗe da fansar kaina daga bauta ba na kama ɗaki, na fara sassaƙa kujeru. Ɗakin duhu, sai na kafa rumfar katako a ƙofar gida, yadda mahaifina yake yi a garinmu. Izini kuwa? Na nema mana! Goro na kai wa Baba Audu, dattijon layinmu, shugaban 'yan dakon da ke hawo da kayan jirgi daga bakin ruwa. Ya ce, "Allah ya sa albarka, ɗana. Amma ka je majalisar gari?" Na ce zan je (ban je ba, a ganina wanda ya gaida mai unguwa ai ya gama).

Ashe a nan, mai sana'a ba ya kafa komai a bakin titi sai majalisa ta yarda. In ka yi gaban kanka, a rushe, a kwashe kayan aiki. Ni kuwa gizagon nan da zarto su ne 'yancina.

Wata safiya na hango ma'aikacin majalisa tafe da igiyar awo. Jarumin naku sai ya ɗare saman rumfar, ya lafe a kan katakon da ke ƙarƙashin rufi.

Baba Audu ko gezau. Fito ɗaya ya yi, ƙartinsa suka zo, suka zura wa rumfar sanduna, suka ɗaga ta, suka tada waƙar dako. Sai ji na yi ƙasa ta yi nisa.

"Ginin wane ne wannan?" in ji ma'aikacin.

"Ranka ya daɗe, kaya ne. Bayan gidan can za mu kai," in ji Baba.

Wallahi ban taɓa ganin natsuwa irin ta dattijon nan ba. Da komai ya tafi daidai, sai gangara ta tona ni. Na sulɓo, ƙusa ta riƙe wandona, na tsaya ina reto a gaban matan unguwa.

"Baba, kayan nan fa da ƙafafu!" in ji wani ɗan dako.

Ma'aikacin ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "A gaya wa kayan ya zo majalisa gobe."

Baba da kansa ya raka ni, kuma har ya rasu bai taɓa tada zancen ba. Yanzu in dattijo ya sa mini albarka ya ƙara da "amma", sai in tsayar da taunar gorona in saurara. Sunan dai ya bi ni: har jikokina Baba Kaya suke kirana.