Kujerar Bajamushe

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina koyarwa a ƙasar Kebbe, amma wata Talata ta tsakiyar damina kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta, mutanen garin ba za su bari ba.

Ni ɗan Tambuwal ne, aiki ya kai ni wani ƙauye gaba da Fakku. Tun ina saurayi nake da cutar sauraron labaran Jamus a rediyo. Na san an yi yaƙi an ragargaza ƙasar, na san an raba ta biyu har da katanga a tsakiyar babban birninsu, na san sun tashi sun koma ƙera motoci da injinan da duniya ke rububi. Duk hirar da aka fara a majalisa, ko ta tsutsar gero ce, sai na ja ta ta ƙare a Jamus. Da haka na ci sunan Malam Jamus. (Ban taɓa wuce Kaduna ba, ban kuma taɓa ganin Bajamushe ido da ido ba. Wannan ɓangaren ban cika faɗa ba.)

Damuwar garin ruwa ce. Rijiyar burtsatse ɗaya gare mu, famfonta ya daɗe da mutuwa, mata sai gulbi suke zuwa su ɗebo ruwan da shanu suka dama. Sai ga saƙo daga Sakkwato cewa wata ƙungiya za ta sa famfo mai aiki da hasken rana, kuma kamfanin da ke ƙera shi a Jamus ya turo injiniyansa ya auna rijiyoyi. Zai iso ƙarfe goma, ya tashi ƙarfe ɗaya, don hanyarmu ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Garin da ba a auna rijiyarsa ba kuwa, babu shi a cikin rabon.

Maigari ya kira ni ya ce, "Malam, kai ka san mutanen ga. Baƙon ga hannunka shi ke."

Kaina ya yi girma. Na aro kujera mai kushin daga ofishin hedimasta, na sa aka kafa rumfa, na nemo cokali mai yatsu da ruwan roba, na rubuta jawabi shafi huɗu. Na bi gari ina jan kunne: Bajamushe ba ya latti, ba ya dariya, ba ya son surutu. A raina kuwa na riga na gama zana shi, dogo, jajir, gashi kamar gemun masara.

Goma saura biyar ɗan kabu-kabu ya sauke wani mutum, wando duk taɓo, jaka a baya, baƙin gemu, fatarsa ba ta fi ta Buzayen da ke zuwa cin kasuwa haske ba. Ya yi sallama tiryan-tiryan, ya bi dattawa yana ba su hannu. Da Turanci ya gaya mini sunansa Mustafa, motarsu ta kafe a mashigin ruwa, sauran suna can suna turi. Ya buɗe baki zai ci gaba, na katse shi, don ni na riga na gane: mai ɗaukar wa Bature jaka ne aka turo gaba. Na koma gyaran tebur. Ina waiwayowa sai na gan shi ya baje a kujerar kushin, da taɓonsa da komai.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. "Malam Mustafa, yi haƙuri, tashi. Wannan kujerar ta babban baƙo ce."

Bawan Allah ya zabura yana ba ni haƙuri. Na nuna masa benci. Ya tambaya ko zai iya ganin rijiyar, na ce babu mai taɓa rijiya sai babban baƙo ya iso. Ya dubi agogonsa, ya gyaɗa kai. (Daga baya na ji cewa ya ɗauka shugaban ƙaramar hukuma muke jira, kuma an gargaɗe shi tun a gida da ya girmama al'adar mutane.) Iska ta taso tana neman kwashe rumfa, na ce ya taimaka ya riƙe sanda ɗaya. Ya riƙe.

Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta wuce. Ina ta kai da kawo tsakanin rumfa da bakin hanya, gumi ya jiƙa jawabina. Mata sun yi cirko-cirko daga nesa, wasu har da bokitai, kamar ruwan a ranar zai fito. Maigari ya yafito ni ya ce, "Malam, ba kai kac ce ba su latti ba? Mi ya faru?" Kaina ya ɗaure tamau, duk abin da na sani game da Jamus yana neman ƙaryata ni a gaban jama'a.

Haushi ya kai ni wurin mai riƙe da sanda. Na ce, "Kai da kake aiki da su, gaya mini gaskiya, haka suke? A rediyo a cika mu da labarin kiyaye lokaci, ga mutane sun bar gonakinsu tun safe!"

Ya ce, "Wai wa muke jira ne?"

"Bajamushe mana."

A hankali ya ce, "Akwai wani Bajamushen kuma?"

Wallahi ko a nan ban gane ba. Sai da ya sa hannu ɗaya a aljihu (ɗayan yana riƙe da rumfata) ya miƙo mini fasfo. Na duba hoto, na duba gemu, na sake duba hoto. Na ji bakina yana cewa, "Amma ai ka yi sallama."

Sai ya yi dariya, abin da na ce ba sa yi. Ya ce bayan yaƙi masana'antunsu sun rasa hannun aiki, aka ɗebo ma'aikata daga Turkiyya da wasu ƙasashe. Kakansa ya je narka ƙarfe da niyyar shekara biyu, a can ya tsufa. Ubansa ya yi aiki a kamfanin motoci, shi kuma a can aka haife shi. "Kada ka damu," in ji shi. "Ko a gida akan tambaye ni daga ina nake, in ce daga nan, a ce a'a, ainihi ake nufi." Ya faɗe shi da murmushi, amma ni maganar ta fi mari zafi.

Maigari ya ce, "Mi yac ce?"

Babu wani mai jin Turanci a wurin, dole ni zan fassara abin kunyata da bakina. "Ranka ya daɗe, shi na."

"Shi na wa?"

"Bajamushen."

Ardo, wani tsohon makiyayi da ke gefe, ya cire asuwaki daga baki. "Wanga da kas sa riƙon rumfa?"

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, don kowa rana ya ɗaga kai ya duba. Saura rabin awa, aikin kuma na awa ɗaya da rabi ne. Na fizgi jakarsa a guje muka nufi rijiya, mai ɗaukar wa Bature jaka dai ya tabbata, ni ne. Muna tsakiyar awo motar ta iso, jami'ar da ta rako shi daga Sakkwato tana nuna agogo tana cewa dole a tafi. Na tuna matan can da bokitansu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mustafa bai ko ɗago ba, ya ce ba zai bar rijiyar da ya fara ba. Ya gama, ya bi mu sallar azahar, ya zauna a tabarma ya ci tuwo da hannu, cokalina yana kallonsa. Kujerar kushin kuwa Ardo ne ya more ta.

Sun tashi biyu da rabi. Bajamushe na farko da na taɓa gani ya yi latti, kuma ni na sa shi.

An sa famfon bayan kaka, har yau yana aiki. Ni kuma na koyi tambayar baƙo ko shi wane ne, in kuma bari ya kai ƙarshen amsar, kafin in tashe shi daga kujera. Hirar Jamus na rage ta sosai. Sai dai duk sanda na ratsa ta wurin famfo, ba a rasa wata tsohuwa da za ta dakata da tarar ruwa ta ce, "Malam, mu ɗiba, ko mu jira babban baƙo?"