Tsinken Giwa

A wani daji da ke gindin dutse, dabbobi sun haƙa ma'ajiya guda ta kowa da kowa. Dogon rami ne mai ƙofa ɗaya, kowace dabba da gurbinta, manya a bakin ƙofa, ƙanana can ƙurya. Gafiya Lantana ce ke kula da shi, ita kaɗai kuma ta san wahalarsa. Kayan manya sun fi gurabensu girma, sun zubo sun toshe hanya. Kafin ta kai ga ƙwaya guda a ƙurya, sai ta jawo kabewar Giwa da fatun kirarin kakannin Ɓauna waje. Aikin kwana uku ke nan, in da lafiya.

Ran nan sai ga Kurciya Tasalla, ido ya yi jawur. Ta ce, "Yaya Lantana, ɗana ko ruwa ba ya haɗiya. Saiwar maganinsa tana gurbina."

Lantana ta riga ta ga ɗan, ta san ba zai kai kwana uku ba. Ta nufi majalisar dabbobi, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranku ya daɗe, ga shawara. A kwashe duk wani babban kaya a kai kogon bayan dutse, a yanka shi gunduwa-gunduwa a jera. A gurbin mai shi a bar ɗan tsinke mai alamar inda kayan yake. Wanda ya nemi babban abu, na bi tsinke na ɗauko masa. Wanda ya nemi ƙarami, na wuce kai tsaye. Ba abin da zai ɓata. In kun amince, yau ɗin nan ɗan Tasalla zai sha magani."

Sai Giwa ta gyara zama.

"Lantana, magana ta yi kyau, muna kuma tausayin yarinyar nan. Amma ki duba. Baƙo ya leƙo, ya ga tsinke a gurbina, ya ga tsinke a gurbin Kurege. Da me zai gane wace ce Giwa?"

Ɓauna, shugaban zama, ya ce lallai wannan tambaya ce mai nauyi. Nauyinta kuwa ya cinye yini biyu. Lantana tana raɓe a gefe, takaici kamar ya kashe ta. Daga ƙarshe aka amince da shawarar baki ɗaya, da ɗan gyara kaɗan: tsinken kowa ya zama daidai matsayinsa.

Aka kwashe kaya zuwa kogo. Da Lantana ta dawo a guje, ta tarar an riga an kawo tsinken Giwa. Gungumen maɗaci ne, ƙarti takwas suka mirgino shi, ya cika bakin ramin dam. Ta kafa haƙori tana ƙwaƙular gefensa har bakinta ya yi jini. Da hantsin rana ta uku ta fito da saiwar.

Tasalla na zaune ita kaɗai. Ta dubi saiwar ta ce, "Mayar da ita, Yaya. Allah Ya saka miki."

Lantana ta juya da saiwar tana hawaye.

Majalisa ta aiko da ta'aziyya, ta kuma yaba wa sabon tsari. Har yau duk baƙon da ya zo, nan take yake gane wace ce Giwa.