Kifin Nasiru Da Ba Shi Da Kai

Laifina ne, ni kaɗai, kuma ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da Baffa Ummaru ya taso daga Kebbe a kan babur ba, da jarka ɗaure a bayansa, ya zo ɗibar kifin da ni na ƙirƙira da bakina.

Ni hatsi nake sayarwa a kasuwar Tambuwal, bokona bai wuce firamare ba. Ƙanena Nasiru kuwa ya gama jami'a ya koma ƙari, har an ɗauke shi yana koyar da ɗalibai. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidan, don haka da ya ga yarinya a Kebbe mai suna Balkisu, ni ne mai zuwa nema masa.

Lokacin yana gida hutu. Duk sanda na leƙa ɗakinsa sai in tarar ya zuba wa kwamfuta ido, yana kallon wani siririn abu kamar wutsiyar tarwaɗa yana kaɗawa hagu da dama. A bayan abin wasu zobba ja da shuɗi suna fitowa, suna juyawa, suna bin juna a jere. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, yadda kifi ke tura ruwa nike dubawa." Ya gyara zama zai yi bayani, na ce masa ai na gane, na fice. (Ban gane komai ba. Gani na yi yaron da na goya ba zai zaunar da ni ya koya mini kifi ba.)

Ni da 'yan rakiya muka je Kebbe da goro da alawa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, dattawa suka cika. Waliyyin yarinyar shi ne ƙanen mahaifinta, Baffa Ummaru, manomi mai shanu, irin mutanen nan da ba sa dariya sai sun tabbatar abin ya cancanta. A wajenmu ba a ba da 'ya sai an ji asali, an ji hali, an ji sana'a. Asali da hali na amsa babu gargada. Sai ya ce, "To, yaron ga mi shika yi? Mun ji har yanzu shina makaranta. Da mi za shi riƙe mata?"

Amsar gaskiya tana nan kusa: yana koyarwa, yana bincike. Amma da an ce binciken mene ne, da na tsaya. Na dubi mutanen nan masu rumbuna da garke, na ji ba zan iya cewa ƙanena wuni yake yana kallon wutsiya ba. Sai na gyara hula na ce, "Harkar kifi yake yi."

"Kiwo?"

"Kiwo, Baffa."

Da na yi shiru a nan ma da sauƙi. Amma na ga an gyaɗa kai, daɗi ya kama ni. Na ce suna da yawan da ido ba ya ƙirga su, akwai ja, akwai shuɗi. Wani tsoho ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin shuɗin kifi ba. Na ce irin ƙasar waje ne. Aka ce me suke ci? Na ce ba su damu da dusa ba, wutar lantarki kawai suke so. (Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa, ita ma ba da niyya ba.) Aka yi fatiha, muka taso. Da na dawo gida na ce wa Nasiru an karɓe mu hannu biyu, ban ƙara ko harafi ba.

Abin da na manta shi ne, mutanen Kebbe ba sa barin bincike a zaure, sai sun taka sun gani. Wata ranar kasuwa, na dawo ina cin tuwo a ƙofar gida, sai ga Baffa Ummaru, ƙurar hanya har gira. Bayan gaisuwa ya kwance jarkar nan, an yanke mata baki an wanke ta tas. Ya ce ya sa an haƙa masa rami a gefen lambunsa, ya zo surukinsa ya ba shi iri.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Kafin in ƙulla wata ƙaryar, Nasiru ya fito ya durƙusa yana gaishe shi.

"Ɗana, tashi ka kai ni ga kifin."

"Wane kifi, Baffa?"

Na shiga ƙifta masa ido, har ya ce, "Yaya, wani abu ya faɗa ma a ido?" Na ce, "Kifin nan mana, naka, ja da shuɗi!" Sai fuskarsa ta washe. Bawan Allah, tunda ya fara aikin nan babu wanda ya taɓa neman gani a gidanmu. Ya ruga ɗaki ya ɗauko kwamfuta, ya ajiye ta a tabarma kusa da jarka, ya kunna.

Baffa ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Ina kanshi?"

"Ba shi da kai, Baffa. Wutsiyar kaɗai nike buƙata."

"Ruwan fa?"

"Shi ma babu. Lissafi ne, kwamfuta ke zana yadda ruwan zai yi."

Ya ci gaba da bayani, yana nuni da yatsa. Ya ce duk kaɗawar wutsiya tana barin 'yar guguwa a cikin ruwa. Jar tana juyawa ta nan, shuɗiyar ta can, a tsakaninsu ruwa yake feshewa baya, kifi ya yi gaba. In kaɗawar ta yi sanyi, jerin ya sauya, sai ruwan ya riƙa jan kifin baya. Shi yana sauya saurin kaɗawar da taurin wutsiyar ne, don a gano yadda za a ƙera ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da wutsiya, ba da farfelar da ciyawa ke naɗewa ba. Baffa yana saurare, har yana tambaya. Ni kuwa na sami wata tururuwa a jikin bango na bi ta da ido kamar ita ta aiko ni.

Da aka gama, Baffa ya juyo ya turo mini jarka.

"Alhaji, wanne za ka zuba min, jan ko shuɗin?"

Jama'a, mutum mai gemu, mai 'ya'ya, me kuke jin na ce? Cewa na yi, "Baffa, ai ba su ƙosa ba tukuna."

Daga cikin gida na ji matata ta saki kwano. Baffa bai yi dariya ba. Ya ƙi taɓa abincin da aka kawo, ya ɗaure jarkarsa, ya ce, "Yaro ba shi da laifi. Amma in babban gida ya faɗi wagga magana cikin zaure bayan an raba goro, ban san sauran da yaf faɗi ba. A dakata da zancen aure." Ya tayar da babur.

Nasiru kuwa bai fasa ladabinsa ba. Yana gaishe ni safe da yamma kamar kullum, yana durƙusawa, ya koma ɗaki. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Daga ƙarshe ni na same shi, na zauna a ƙasa na ce ya koya mini wutsiyar nan daga farko. Na gane kamar rabi. A nan na koyi cewa "ban sani ba" ba ta da tsawo, kuma ba a zuwa da jarka a nemi ganinta.

An ɗaura auren bayan kaka. Amma kafin nan sai da na hau babur na bi hanyar Kebbe, na roƙi a tara mini dattawan nan a zauren nan. Na ƙi hawa tabarma, na cire hula na ce:

"Baffa, ƙarya na yi muku. Nasiru ba shi da kifi ko na miya. Malami ne, kuma aikinsa ya fi ƙarfin kaina, na ji kunyar in ce ban gane ba. Abin da na faɗa kan asalinsa da halinsa gaskiya ne, ku tambayi duk wanda kuka ga dama a Tambuwal, ban da ni. Kada ku hana shi mata saboda bakin wansa. Ku yafe mini, don Allah."