Rasuwar Maɗaurin Sandar Tannus ta Dama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Tannus ɗan Wadi'u, malamin zamiya a kan ƙanƙara a wannan dutse shekara arba'in da ɗaya, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin ɗalibaina rasuwar abokin zamana, maɗaurin fata da nake zura hannu a ciki, na sandar zamiyata ta dama. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a mako na biyu na babban azumin coci, a gangaren da ke bayan tsohon coci. Ba ciwo ne ya ɗauke shi ba, ba kuma tsufa ba. Wuƙa aka sa masa.

Mai karatu zai ga rubutun nan a karkace, to ba nawa ba ne. Hannuna na dama yana rataye a ƙirjina tun ranar, likitan Tarabulus ya ce jijiyoyin sun tsinke, ko cokali ba zai ƙara ɗagawa ba. 'Yata Takla ce ke rubutawa ina faɗa, ita ce kuma ta sa wuƙar. Na ga ya dace wadda ta yi yankan ta yi rubutun. Kafin ta ɗauki alƙalami ta ce, "Baba, faɗi duk abin da ka ga dama, zan rubuta. Amma in ka sa ni na rubuta cewa ni na kashe maka hannu, wallahi motar la'asar da ni za ta sauka." Na ce mata rubuta dai, ba a tambaye ki ba. Wata makarantar zamiya a Turai ta daɗe tana nemanta, jakarta kuma sati uku ke nan tana bakin ƙofa a ɗaure. Ina sane da ita, kullum sai na yi tuntuɓe da ita.

Marigayin ɗan asali ne. Daga linzamin alfadarin mahaifina aka yanko shi, baduku Jirjis ya ɗinke shi da hannunsa shekarar da na fara koyarwa. Sanda shida ya canza, shi bai canza ba. Duk ƙarshen kaka, in an gama tsinkar tuffa, nakan zaunar da shi a cinyata in shafa masa man zaitun har ya ƙoshi. Ba shi da yawan magana. In sanyi ya yi tsanani yakan ce ƙiiƙ, ƙiiƙ a duk juyi, ni kuwa na fi son wannan ƙara a kan hirar mutane da yawa, har da na cikin gidana. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, bayan mace guda uwarta ta kwanta dama. Ban yi ƙorafi ba, domin akwai wanda ke riƙe mini hannu.

Da shi na koya wa rabin garin nan yadda ake sa hannu. Daga ƙasa ake shigo da shi, a buɗe tafi, a sauko a damƙe sanda tare da fatar. Wanda ya zura daga sama ya sha sanda a bayan hannu. Masu baƙin baki suna cewa marigayin ya karya manyan yatsu da dama a garin nan. Ƙarya suke yi masa. Guda ɗaya ya karya da kansa, na Takla, tana 'yar shekara tara, ranar da na ara mata sandunana ta zura hannu daga sama ta faɗi. Na ɗaure mata yatsan da tsumma na sa ta ƙarasa gangaren tana kuka. Shi ya sa rubutunta ya karkace, kuma har yau ba ta zo ta ce laifinta ne ba.

Ciwon ajalinsa ya soma ne shekara uku da suka wuce, da Takla ta dawo daga kwas da takardar shaida da sabon addini. Wai in an bar hanyar zamiyar da mota ta daddale ƙanƙararta aka shiga cikin itatuwa, ko gangaren da ƙanƙara kan zaftare, a cire hannu daga maɗauri. Ta ce mini a kan abinci, "Baba, sanda in ta faɗi ana samun wata. Kafaɗa fa, a wane kanti ake sayar da ita?" Na ce, "Ke, malamin da ɗalibai suka gan shi yana rarrafe yana neman sandarsa, gara ya koma tallan tuffa." Ta ce to. Wannan "to" ɗin nata na san shi tun daga uwarta, ma'anarsa ba ta ji ba.

Ranar Talatar rana ta fito da zafi, ƙanƙara ta yi nauyi. Takla ta ɗauki baƙi huɗu 'yan Berut za ta sauke su ta bayan coci. Da kunnena na ji ta ce musu kowa ya cire hannu. Na matso gabansu, na ɗaga hannu sama don kowa ya gani, na shigar da shi daga ƙasa yadda Allah ya so, na ce su kalli yadda maza ke sauka. Juyi biyar na yi masu kyau, ina so a rubuta wannan, biyar. A na shida faifan da ke ƙasan sandar ya shige ƙarƙashin wata saiwa da ƙanƙara ta rufe. Sandar ta tsaya, ni na wuce. Marigayin kuwa, Allah ya jiƙansa, bai sake ni ba. Na ji kafaɗata ta ce ƙas, na kwanta kai ƙasa, hannuna a miƙe a bayana yana ɗaure da saiwar. Ina ƙalubalantar duk wani maɗaurin roba na zamani ya riƙe ƙato kamar ni haka bai tsinke ba.

Sai ƙanƙarar da ke samanmu ta tsage daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yan Berut suka hau ihu. Takla ta sauko kaina babu ko sanda a hannunta, ta zaro wuƙar da take yanka cuku. Na ce, "Kada ki yanke shi! Kwance shi za ki yi!" Ta ce, "Rufe mini baki, Baba!" Ni, a gaban baƙi, ɗaya har yana ɗauka da waya. Marigayin bai yi gardama ba, ƙyat kawai ya ce. Ta ja ni kamar buhun dankali zuwa bayan wani dutse, ƙanƙarar ta sauko ta binne wurin da nake kwance, har da sandar. An ce da ba ta ja ni ba, da ina ƙarƙashi. Wataƙila. Abin da na sani shi ne yaran da na koya wa tsayuwa sun ga hoton malaminsu ana jansa yana kiran uwarsa, kuma kunyar nan ta fi kafaɗar ciwo.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan tagwayensa na hagu, wanda ke rataye a ƙusa ya ƙi cin mai. Ya bar matarsa sandar dama, wadda ba za a ga gawarta ba sai ƙanƙara ta narke. Ya bar allunan zamiya biyu marayu, da safar hannu guda da ba ta da sauran aiki. Ya bar ni. Gawarsa, wato guntun da aka samu a wuyan hannuna a asibiti, tana cikin gwangwanin alewa a kan tebur, kusa da hannun da ya yanka shi.

Ina godiya ga waɗanda suka jajanta, musamman iyayen da suka cire 'ya'yansu daga ajin Takla bayan na yi bayani a gidan burodi cewa ta hannu ta ja ni. Ita ta ce ta wuyan riga ta ja. Likita ma ya goyi bayanta, amma likita bai taɓa hawa dutse ba. Ba na godiya ga limamin cocinmu, Abuna Sim'an, wanda na roƙa ya buga ƙararrawa sau uku kacal ya ce, "Tannus, ka ji tsoron Allah. Je ka sumbaci kan yarinyar nan." Ba na godiya ga maƙwabciyata Ummu Nadim, wadda ta kawo miya ta ajiye ta ce, "Tsohon banza, da ta bar ka a can mun huta." Miyar ma gishiri ya yi mata yawa.

Saura sababin rasuwa, domin sanarwa ba ta cika sai da shi. Ɗaga kai ba zai hana ba, Takla, rubuta. Wanda ya kashe marigayin, ya kuma kashe hannun Tannus ɗan Wadi'u, mutum ɗaya ne, sunanta

Daga nan da hagu nake rubutu, a yi haƙuri.

Takla ta rufe alƙalamin ta ajiye. Ba ta yi kuka ba, na so ta yi. Ta jera mini magunguna a faranti, na safe daban, na yamma daban. Ta sa mini babbar rigata ta ɗaura maɓallan har wuya, ta ce, "Akwai wake a tukunya, Baba, zai kai ka jibi." Na ce ba ki ƙarasa layin ba. Ta ce, "Ai ka iya rubuta sunana." Motar ta yi oda sau biyu a bakin titi. Ta ɗauki jakarta. Na zaci za ta juyo a ƙofa.

Sunan ban rubuta ba. Na gwada, alƙalamin yana zamewa. Kowa dai ya sani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a bayan gidana, ƙarƙashin tuffar da ke jikin katanga. Ƙasa har yanzu a daskare take, mai zuwa ya zo da diga, don ni ba zan iya ba. Ba za a raba kofi ba, babu mai dafawa. Ana karɓar gaisuwa a gida, kowace rana, kowane lokaci, ba inda za ni. Wanda ya fara isowa, ina roƙonsa ya taimaka ya ɓalle mini maɓallan rigar nan. Kwana biyu ke nan a cikinta nake kwana.