Dokin da Na Yi wa Makoki

Ranar Lahadi ce, muna gidan yayata a Garwa, yara suka kunna fim ɗin wani yaro da dokinsa mai fukafukai. Na gyara zama kamar alƙali, domin littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, sau bakwai na karanta shi tun ina lise, wato sakandare, a Kaele.

Da aka zo inda doki ya faɗa kogi, na ce, "To, ku tanadi hawaye. Nan ya mutu, nan labari ya ƙare." Ban rufe baki ba, sai ga doki ya taso yana kaɗa fukafukai.

Na miƙe tsaye. "Ƙarya ce! Sun lalata littafi don kawai su lallashi yara!"

Aisatu, 'yar yayata mai karatu a jami'a, ta shiga ɗaki ta fito da littafin. "Kawu, duba nan." Bayan faɗawa kogin akwai babi uku cur. Ashe nawa, da na saya a gwanjo, bayansa a yage yake. Shekara talatin ina makokin dokin da ke nan da ransa.

Yayata ta yi dariya har da hawaye. Ni dai ban janye ba. Ƙarshena ya fi na marubucin, kuma har gobe ina kan bakana.

Yanzu ko labarin tafiyata Bibemi na ɗauko, sai wani ya tare ni: "Kawu, cikakke ne, ko shi ma bayansa a yage yake?"